Gangunan Takin Auta

Shekara talatin da biyu ya yi a asibiti yana aiki iri ɗaya: ya wanke almakashi da wuƙaƙe da sauran ƙarafan ɗakin tiyata, ya tafasa su, ya naɗe, ya jera. Abin da ya sa abokan aiki suka laƙaba masa Baba Tafasa ke nan, sunan kuma ya biyo shi har gida bayan ya yi ritaya. Mutum ne da ba ya shan ruwa a kofin da bai ga wankinsa ba. In kun gaisa, kana juya baya zai nemi sabulu. Matarsa takan ce da ana tafasa baƙi, da babu wanda zai shiga falonsu ɗanye.

To, a gidan wannan mutumin ne autarsa ta sauke ganguna uku.

Auta tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun ƙananan halittun da ido ba ya gani. Binciken da za ta kammala da shi a kan taki ne: tana so ta gano ko zuba ƙwayoyin halittar da aka raina a ɗakin gwaji yana sa ragowar abinci saurin zama taki. Filin da makaranta ta ba su an fara gini a kai, don haka ta kwaso kayanta zuwa lungun bayan kicin ɗinsu, wani siririn wuri mai daɓen siminti tsakanin bangonsu da bangon shagon tela.

Baba Tafasa ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, yana kallon gangunan roba shuɗaye da aka huhhuda wa jiki.

"Me za ki zuba a ciki?"

"Ragowar abinci, Baba. Daga gidan abincin bakin titi."

"Shara ke nan."

"Kayan gwaji ne."

"Shara ce. Jama'a na neman mai fitar musu da ita, ke kin ɗauko mota kin shigo mana da ita."

Ta yi masa bayani a tsanake. Duk gangunan za su samu ragowar abinci da garin katako daidai wa daida. Ta ɗaya ba za a ƙara mata komai ba. Ta biyu za a barbaɗa mata wata hoda da ake sayarwa a shagon kayan noma. Ta uku kuwa, sai ta ciro wata kwalba daga jaka, cike da ruwa mai launin ƙasa, da wani abu kwance a gindinsa. Ta ce waɗannan nata ne. Daga ƙarƙashin wani tsohon juji ta ɗebo su, wata bakwai tana rainonsu.

"Raino? Kamar kaji?"

"Kamar kaji, Baba. Ina ba su abinci, ina duba lafiyarsu."

Ya ja da baya taku biyu. "Na ƙare rayuwata ina kashe su, ashe mai kiwonsu na ke ciyarwa a gida."

Matarsa ce ta shiga tsakani, ta ce sati shida ne kacal, a bar yarinya ta gama karatunta. Ya yarda, amma da sharuɗɗa: kada ya gani, kada ya ji wari, kuma kwalbar nan kada ta kusanci firij.

A kwana na biyar ganga ta ɗaya ta fara tsiyayar wani baƙin ruwa mai yauƙi ta ƙasa. Auta ta fito da bokiti za ta tare shi, ta taka inda ya malala, santsi ya kwashe ta. Ihunta ne ya fito da su. A asibiti aka ce idon sawu ya karye, aka ɗaure ƙafar har gwiwa, likita ya ce kada ta taka ƙasa sai bayan wata biyu, balle ta sauka matakala ukun da ke bayan kicin zuwa lungu mai santsi.

A hanyar dawowa ba ƙafar take yi wa kuka ba.

"Kullum sai an auna zafinsu, Baba. Duk kwana biyu a juya. In aka bar su sun lalace."

Uwarta na da asma, ko turaren sauro ba ta iya shaƙa. Yayyen Auta duk sun yi aure a wasu garuruwa. Baba Tafasa ya dubi matarsa, ita kuma ta juya tana kallon titi ta taga, kamar yau ta fara ganin motoci.

Washegari da safe ya shirya kamar mai shiga tiyata. Takunkumi biyu, safar hannu biyu, tsohuwar rigar ruwa, takalmin roba har gwiwa. Auta na zaune a gaban tagar kicin, ƙafa a kan kujera, littafi a cinya.

"Ta ɗaya tukuna, Baba. Ka soka ma'aunin a tsakiya, ka ƙirga sittin."

Ya ɗaga murfin. Warin ya ratsa takunkumin biyu kamar babu su. Da farko tsami, irin na aman da ya kwana a rufaffen ɗaki. Sai ƙarnin kifi ya biyo baya. Can ƙarƙashinsu kuma wani wari mai zaƙi-zaƙi, wanda ya fi su duka tayar da zuciya. Shinkafa ta narke ta koma laka mai ruwan toka. Bawon ayaba ya yi baƙi, tumatir ya fashe, burodi ya kumbura ya yi kore. Ya ga saman abin yana motsi, ya ɗauka idonsa ne. Da ya duba da kyau, tsutsotsi ne, farare, ƙosassu, suna wutsil-wutsil a kan juna, wasu na hawa bangon gangar suna faɗowa.

Ya kai goma sha huɗu a ƙirga. Bai kai sha biyar ba ya saki ma'aunin, ya ruga bakin magudana yana fizge takunkumi, ya amayar da karin kumallonsa tas.

"Sannu, Malam," in ji matarsa daga cikin kicin, hanci a toshe da gefen mayafi. "Mutumin da ya ga hanjin mutane shekara talatin?"

"Hanjin mutum tsaf yake a kan wannan!" Ya kuskure baki, ya tofar. "Can jini ne mai rai. Wannan kuwa... Allah ya isa."

Amma ya koma. Ya zaro ma'aunin daga cikin lakar da yatsa biyu, ya sake sokawa, ya ƙirga sittin da ido a rufe. Digiri talatin da ɗaya. Ta biyu talatin da takwas, warinta da ɗan dama. Ta uku arba'in da huɗu. Auta ta tafa.

"Sun fara ci, Baba! Zafin nan na aikinsu ne."

Ya rufe gangunan ya shige gida. Ranar sau uku ya yi wanka, kuma ko da dare ya kasa cin shinkafa. Yana kallonta a faranti sai ya ga kamar tana motsi.

Haka aka shiga sati na biyu. Juyi ya fi awo muni, don sai ya zura ƙaramin shebur har gindin ganga ya birkito na ƙasa zuwa sama, abin yana ɓalɓal, yana fesa masa a riga. Ƙudaje suka gane gidan, manya-manya, koraye, suna buga gilashin taga. Kullum bayan ya gama sai ya wanke daɓen da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da yake ajiye da jarka guda a bayan ƙofa, har gidan ya koma warin asibiti gauraye da na bola. Ya rame. Warin ya zauna masa a hanci, yana jin sa a matashin kai, yana jin sa a shayi.

Ranar da matarsa ta kai Auta asibiti a duba ɗaurin, tela ya ƙwanƙwasa ƙofa riƙe da wata doguwar riga.

"Baba, ka yi haƙuri, don Allah shinshina."

"Ba sai na shinshina ba."

"Mai ita ta dawo min da ita. Ta ce wai a cikin bola na ɗinka? Duk yadudduka sun kama. Jiya wata ta zo awo, ko zama ba ta yi ba. Ni na san ka, Baba, ko ƙura ba ka bari a ƙofar gidanka. Me ya mutu a bayan nan?"

Kunya ta rufe Baba Tafasa. Shi da yake bin maƙwabta yana yi musu faɗan kwata, yau shi ake kawo wa ƙara. Ya ba tela haƙuri, ya ce za a gyara. Ya sa kayan aikinsa ya sauka lungun ransa a ɓace.

Da ya buɗe ganga ta uku, tururi ya taso masa a fuska, mai ɗumi kamar numfashin dabba. Saman abin duk ya yi fari, wasu zare-zare kamar yanar gizo sun lulluɓe shi, sun ratsa har ciki. Ma'auni ya nuna sittin da ɗaya. Ya tsaya yana kallo. A duk sanin da ya yi, in wuri ya yi zafi kuma ya fitar da fari, cuta ce ta yi ƙarfi. Ga tagar kicin nan taku uku, inda ake dafa abin da za su ci. Ga mace mai asma. Ga yarinya da karaya. Da ya tsaya ya lura, da ya gane warin da ya kori masu ɗinki daga ganga ta ɗaya yake fita, ta ukun nan ta fi kwana biyu da daina ɗoyi. Bai tsaya ba. Tsigar jikinsa ta riga ta tashi.

Ya ɗauko jarkar, ya tuttule rabinta a bokitin ruwa, ya sheƙa a cikin gangar. Farin ya kwanta. Tururin ya ɗauke. Ya mayar da murfi, kuma rabonsa da jin sanyi a ransa irin na lokacin tun ranar da gangunan suka shigo gidan.

Da suka dawo ya faɗa wa Auta lambobin ranar. Ta ji sittin da ɗaya ta kusa miƙewa a kan karyayyar ƙafa.

"Ka ga wani fari-fari a sama?"

"Na gani."

"Su ne, Baba! Masu cin katakon ne suka fito. Wata bakwai ina jiran ganin farin nan. Gobe ka ɗaukar min hoto."

Ya ce to. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado.

Washegari ganga ta uku ta nuna arba'in da uku. Auta ta ce ya sake aunawa. Ya sake. Ta ce wataƙila juyi take so. Ya juya, abin ya yi sharkaf, ya yi nauyi, ruwa na kwance a ƙasa. Kwana na biyu talatin da huɗu. Na uku talatin, daidai da zafin gari. Sannan ta fara wari. Bai taɓa jin irinsa ba, ko a ɗakin ajiye gawa ranar da injin sanyi ya lalace. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ne da na masai, ga ƙaurin maganin a kai yana yanka maƙogwaro. Tela ya kulle shago ya kwashe kekensa zuwa gidan ƙaninsa.

Auta ba ta zargi kowa ba, don dama gidan kullum cikin warin maganin yake. Kanta ta zarga. Ta baje takardunta a kan gado tana bin lissafin awonta layi-layi. Ko ta yi kuskure wajen haɗa abincinsu? Ko dama tun farko ba su da ƙarfi? Ta daina cin abinci. Ta ce wa uwarta, "Mama, wataƙila ni ce ban iya ba. Wataƙila ba fannina ba ne."

A rana ta uku matarsa ta same shi a falo, ta dire jarkar a gabansa.

"Malam, ranar da muka tafi asibiti da ƙyar na ɗaga jarkar nan na share bayanta. Yau da yatsa ɗaya na ɗauko ta."

Ya kafe jarkar da ido.

"Garin neman gira ka tsone ido. To, ka tashi ka je ka faɗa mata da bakinka. Ni ba zan kai wannan saƙon ba."

Ya samu Auta a gaban taga. Ya tsaya kamar ɗalibi a gaban shugaban makaranta, ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba, bai kawo tela a matsayin hujja ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Da hannunka, Baba?"

"Da hannuna."

"Wannan na iya fahimta. Ka tsane su tun ranar farko. Amma kwana uku kana karanto min lamba, kana kallona ina neman laifina a takarda."

Ta jawo sandunanta ta shige ɗaki ta rufe ƙofa.

Da yamma ta kira malamar da ke duba aikinta. Malamar ta ce babu wata dabara, sai dai a sake daga farko, gangunan uku a rana ɗaya da shara iri ɗaya, in ba haka ba babu abin da za a kwatanta. Saura sati takwas a miƙa aiki. Akwai ɗan ragowar ƙwayoyin Auta a ɗakin gwaji, za ta sa a tayar da su cikin kwana huɗu. Ta ƙara da cewa a tabbatar babu ko ɗigon magani a gangar, sannan kwalbar ta zauna a firij har ranar zubawa.

Ta bakin uwarta saƙon ya iso wa Baba Tafasa, don Auta ta daina yi masa magana in ba gaisuwa ba. Da kansa ya je ya karɓo kwalbar. Ya naɗe ta a leda uku, ya kwashe komai daga layin ƙasa na firij, ya ajiye ta ita kaɗai. Kwana biyun da ta yi a ciki, ruwan randa ya sha.

Masu motar shara sun kwashe abin da ke cikin ganga ta ɗaya da ta biyu suna tsaki. Da aka buɗe ta uku, babbansu ya ja baya ya ce wannan kam ba da su ba, ko a bola sai an kore su. Baba Tafasa ya ɗura ta a buhuna, ya tura a baro zuwa wani kango a ƙarshen layi, ya haƙa rami ya binne. Ruwan na ɗiga ta gindin buhu a kan takalminsa duk tsawon hanya, mata na janye 'ya'yansu. Sai wankin ganga. Hannunsa ba ya kai gindinta, dole ya kwantar da ita ya zura kai da kafaɗa a ciki, yana gurzar wani maiƙo baƙi da ya manne a kusurwa, numfashinsa na dawo masa. Sau tara ya ɗauraye ta da ruwan zafi, ya kife ta a rana.

Amma ranar ɗebo sabuwar shara ta fi kowace. Ya isa bayan gidan abincin da hantsi. Mai wurin, wata ƙatuwar mata mai fara'a, ta leƙo tana goge hannu.

"Kai ne baban mai sharar nan? Allah sarki, yaya ƙafar tata? Ga su can, na jiya da na shekaranjiya. Amma fa ita da hannu take tsincewa."

Haka Auta ta rubuta a takardar da ta ba uwarta ta ba shi: a cire duk abin da ba ya ruɓewa. Ya shimfiɗa leda a ƙasa kusa da kwatar wanke-wanke, ya juye bokiti na farko, ya tsuguna. Ragowar farantan mutum ɗari ne a cakuɗe. Ya riƙa zaro murafen kwalba, tsinken sakace da aka tauna, ƙasusuwan da aka tsotse aka tofar, cingam, wani dogon gashi da ya naɗe masa a yatsa. Ya ɗago wata takardar goge baki, ya ga ba baki aka goge da ita ba, majina aka fyace. Ya ajiye ta a gefe a hankali, ya miƙe, ya je bayan tankin ruwa ya yi ta kakari, babu abin da ya fito don bai karya ba. Mai abinci ta kawo masa ruwa a kofi. Ya kalli kofin, ya gode mata, bai sha ba. Ya koma ya tsuguna. Bokiti goma sha ɗaya ne.

A gida ya aro sikeli, ya auna wa kowace ganga rabonta, bai yarda wata ta fi wata da ko cokali ba. Auta na taga tana kallo. Ya barbaɗa hoda a ta biyu. Ya zuba ruwan kwalba a ta uku, hannu a miƙe, fuska a kauce. Da ya zo gaurayawa sai ya tsaya, shebur a hannu.

"Auta."

"Na'am."

"Wancan karon da shebur ɗaya muka riƙa juya su duka?"

"E."

"Daga wannan mu shiga wannan? To ai mun riƙa kwasar na ta uku muna kai wa ta ɗaya. Ke da kika ce ta ɗaya ba a sa mata komai. A wurinmu, ƙarfen da ya taɓa mara lafiya ba ya taɓa wani sai ya shiga wuta."

Ta jawo littafinta ta duba, ta ɗago.

"Ban yi tunanin wannan ba. Wallahi ko malamata ba ta kama shi ba. Da an tambaye ni a gaban masu jarrabawa, da na shiga uku."

"Ma'aunin ma haka."

"Ma'aunin ma haka," ta maimaita. "To ya za mu yi, Baba?"

Tun ranar da ya faɗa mata gaskiya, wannan ne karo na farko da ta tambaye shi wani abu. Ya ciro wata tsohuwar tukunya daga sito, ya kafa murhu a lungun. Daga ranar, bakin shebur da ma'auni ba sa fita daga wata ganga su shiga wata sai sun ratsa tafasasshen ruwa sun huce. Ya sa tasa a ƙarƙashin kowace ganga, yana zubar da baƙin ruwan safe da yamma kafin ya malala. Ya ɗaure bakunansu da ragar sauro saboda ƙuda.

Duk da haka abin bai yi daɗi ba. Satin farko dukansu sun yi tsami. Ta uku ce ta fara zafi, a kwana na huɗu, kafin kwana takwas ta haura sittin, farin ya dawo. Ya ɗauki hoton ya miƙa wa Auta wayar ta taga ba tare da ya kalli allon ba. Warinta ya faɗi a sati na biyu. Ta biyu ta biyo ta da tazarar kwana uku. Ta ɗaya kuwa ta zauna a tsaminta kusan sati biyu, duk da raga sai da tsutsa ta samu hanya, kuma da ta tashi yin zafin ba ta wuce hamsin da biyu ba. Ita ce ta ci gaba da tayar masa da zuciya duk ranar juyi. Ya sa mata suna Malalaciya. Tela ya dawo da kekensa a sati na uku, ya leƙo ta kan katanga ya ce yanzu kam ana iya numfashi, in iska ba ta juyo ba.

A kwana na talatin da uku ta uku ta huce, abin cikinta ya koma baƙi, ya yi wara-wara, ba ka gane komai sai ɓawon ƙwai nan da can. Ta biyu ta kai kwana talatin da takwas kafin ta yi haka. Ranar da Auta ta rufe littafinta, kwana arba'in da biyar, Malalaciya na nan da danƙo a ƙasa, ana iya gane bawon ayaba a ciki.

An kwance wa Auta ɗauri a satin. Malamarta ta zo da kanta ɗiban samfur, wata siririyar mata mai tabarau. Ta zura hannu tsirara a ganga ta uku, ta damƙo, ta murza, ta kai hanci. Baba Tafasa ya kau da kai.

"Baba, ka ji? Babu wari ko kaɗan." Ta miƙo masa.

"Na yarda, Malama. Riƙe abinki."

"Ƙasa ce fa yanzu."

"Ke ƙasa kika sani. Ni na san shi tun yana cikin bokiti."

Ta yi dariya har da cire tabarau. Ta ce gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita da ganguna da yawa kafin a ce ƙwayoyin Auta sun fi na shago, amma ba ta taɓa ganin ɗalibin da aka kula wa gwaji da tsafta haka ba. Ɗalibanta na baɗi su huɗu ne, kuma har yanzu ginin makaranta bai ƙare ba. Ko zai yarda a bar gangunan a nan, a ƙaro tara?

"Malama," ya ce, "ina ganin girmanki. Motar da kika zo da ita tana da wurin kaya?"

Ranar aka loda su. Auta ta ci jarrabawarta da sakamako mai kyau. Kafin ta kai aikin a ɗinke, ta karanta masa shafin godiya, inda ta rubuta cewa mahaifinta ya lalata gwajin farko, ya kuma yi na biyu da hannunsa. Ya saurara har ƙarshe, ya yi gyaran murya.

"Gaskiya ne. Bar shi haka. Amma ki duba, kada sunana ya zo layi ɗaya da kalmar shara."

Gangunan sun bar zobe uku baƙaƙe a kan daɓen. Ya gurza da buroshi, ya gurza da yashi, suka ƙi fita, kuma in rana ta buga sai ya rantse yana jin tsami na tasowa, ko da yake matarsa da Auta sun ce su ba sa jin komai. A ƙarshen wata ya kira magini ya nuna masa wurin. Maginin ya ce siminti lafiyarsa ƙalau, fenti kawai yake so.

"Fasa shi," in ji Baba Tafasa. "Har ƙasar da ke ƙarƙashi ka kwashe zurfin taƙi ɗaya."